Wata Mata a Bangon Jamestown

Ƙamshin jiƙaƙƙen ƙaro shi ne abu na farko da nake iya tunawa a duniya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makarantar allo ne a Nima, cikin birnin Akra, wanda tsofaffinmu har gobe suke kira Ankara. Kakansa fataucin goro ya fito da shi daga ƙasar Kano zuwa Salaga, ɗansa ya gangaro zangon Kumasi, daga nan aka iso bakin teku. Ba su zo da dukiya ba. Abin da ya biyo zuriyar tun daga can shi ne karatu da kuma zayyana.

Duk yaron da zai yi sauka a unguwarmu, har Mamobi da Sabon Zango, iyayensa sukan kawo sabon allo gidanmu. Baba ya shimfiɗa buzunsa a baranda bayan hantsi, ya jera 'yan kwalabe huɗu, baƙar tawada da ja da rawaya da kore, ya fere alƙalamansa na kara. Yana da wani tsohon komfas na ƙarfe wanda ya gada wurin mahaifinsa, tsininsa ya sha hannu har ya yi sheƙi. Da shi yake fitar da da'ira, sannan ya raba ta gida-gida, ya bi da layi siriri kamar gashi. Ni aikina dama tawada da riƙe masa allo in ya juya shi. Ba ya magana in yana zayyana. Wani lokaci sai ya ɗauke numfashi har ya kai ƙarshen layi, sannan ya saki. Ban sani ba ashe ina haddace hannunsa.

Karatu kam na yi, na sauke, amma hannuna bai tsaya a allo ba. Bangon makewayi, bayan littafin boko, ƙasan tebur ɗin da Mma take sayar da koko da ƙosai, duk na cika su da zane. A 1999, ina da shekara goma sha biyar, wani maigida mai rubutun alluna a bakin titin Nima ya ga wani zaki da na zana da gawayi, ya ce in zo in koyi aiki. Baba bai hana ni ba, bai kuma sa mini albarka da baki ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka kula da sallarka." Daga ranar bai ƙara tambaya ta me nake zanawa ba, ni ma ban ƙara nuna masa ba. Shekara goma sha takwas muka yi a haka, muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma wannan ƙofa a rufe take tsakaninmu.

A shagon maigidana na koyi fentin mai da yadda ake sirka shi, na koyi wanke burushi da kananzir, na koyi buga layi da igiya da shuɗi. Mukan zana allon masu aski, kawuna shida ko takwas, kowanne da irin askinsa. Mukan yi na masu abinci, na masu gyaran rediyo, mu rubuta kirari a bayan motocin haya da muke kira trotro. Maigidana ya taɓa yin zamanin zanen fostar fim a kan buhun fulawa, lokacin da ake yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye, kuma yakan ba mu labarin kwanakin nan kamar mai labarin aikin hajji. Sai na'urar buga bana ta shigo gari. Abin da muke kwana uku muna yi, yaro mai kwamfuta zai fitar da shi kafin a yi la'asar, da hoton gaske, a farashin da ko fentinmu ba zai saya ba. Ɗaya bayan ɗaya masu ba mu aiki suka janye. Maigidana ya rufe shago ya koma garinsu. Ni na koma fentin gidaje, fari da ruwan madara, daga safe har yamma, ga mata ga ɗiya ɗaya. Burusana ƙanana na ɗaure su da roba na jefa ƙarƙashin gado.

A watan Satumba na 2013 wani abokina, ɗan ƙabilar Ga da muke fentin gini tare, ya same ni ranar Asabar ya ce in raka shi unguwarsu, ana wani biki na masu zane. Na ce ba ni da kuɗin shiga. Ya yi dariya ya ce ai a titi ake yi, titi kuwa ba shi da ƙofa. Sunan bikin Chale Wote. A yaren Ga, waɗanda tsofaffinmu ke kira Ankarawa, ma'anarsa "aboki, mu tafi", kuma da wannan sunan duk Ghana take kiran silifas ɗin roba da ake shiga wanka da shi. Takalmin da attajiri yake da shi, ɗan dako ma yake da shi. Ko kafin in ga komai, sunan ya kwanta mini.

Muka hau trotro zuwa tsakiyar gari, muka ƙarasa da ƙafa. Duk zamana a Akra ban taɓa tsayawa na kalli Jamestown ba, wucewa kawai nake yi. Tsohuwar unguwa ce ta masunta, ta girmi kusan duk birnin. Babban titinta, High Street, ya miƙe ne kusa da teku, tsakanin kurkukun Ussher, wanda Turawan Holan suka gina a 1649, da na James, wanda Ingilishi suka gina a 1673, sai hasumiyar nan mai ja da fari da take nuna wa jiragen ruwa hanya. A gine-ginen nan aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, daga baya aka mai da su gidajen yari, kuma a na James aka kulle Kwame Nkrumah, wanda daga baya ya zama shugaban Ghana na farko, har aka sake shi a 1951. Da na shiga ɗaya daga cikinsu a ranar, na ga ɗakunan, sai Salaga ta faɗo mini a rai. Garin da kakanmu ya je neman goro, kasuwar bayi ce kuma babba. Wannan tunani bai bar ni ba har yau.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne bango. Samari a kan tsani, wasu da gwangwanin fentin feshi, wasu da burushi irin nawa sak, suna zane a bangon da ya fi ɗakin kwananmu tsawo, da rana tsaka, mutane sun kewaye su. Yara sun durƙusa a kan kwalta suna zane da alli. Can an rataye hotuna a jikin tsohon gini ba firam ba gilashi. Can wasu sun shafe jiki da farar ƙasa suna tafiya a hankali kamar masu makoki. Ga masu keke suna tsalle, ga yaran Bukom, unguwar da ta fitar da zakaran damben duniya Azumah Nelson, suna dambe a fili. Kiɗa ta ko'ina, warin kifin banda da iskar gishiri sun gauraye da warin fenti.

Na tsaya bayan wani mai zane da yake yin hoton kwalekwale. Sai wata mata mai tallar kifi, da faranti a ka, ta tsaya ta dube shi, ta ce masa da yaren Ga wani abu da ya sa jama'a dariya. Abokina ya fassara mini: ta ce wannan jirgi in aka sa shi a ruwa ba zai kai ko'ina ba, gabansa ya yi nauyi. Na zaci mai zanen zai yi fushi. Sai ya sauko daga tsani, ya miƙa mata alli, ya ce ta nuna masa. Ta sauke farantinta a ƙasa, ta ja layi ɗaya a bangon, ta ɗauki kayanta ta wuce. Shi kuma ya bi layin nan nata da fenti. Jikina ya yi sanyi. A iya sanina, zane iri biyu ne: namu na talla, wanda ba a ɗauke shi bakin komai ba, da na masu digiri, wanda ake rataye wa a otal ko ofishin jakadanci, inda mai gadi zai dubi takalminka kafin ya dubi fuskarka. Ban taɓa sanin akwai wurin da mai kifi za ta gyara wa mai zane aiki, kuma ya karɓa da hannu biyu ba.

Daga baya na bi diddigin yadda abin ya faro. A 2011 aka yi na farko. Wata ƙungiya mai suna ACCRA[dot]ALT, wadda Mantse Aryeequaye da Sionne Neely suka kafa, ita ce ta jagoranci shirya shi tare da wasu ƙungiyoyin masu fasaha da mutanen unguwa. Na farko da na biyu yini ɗaya-ɗaya aka yi. Wanda na tarar, na 2013, shi ne ya fara kai kwana biyu. Daga 2014 aka tsayar da shi a watan Agusta, kusa da Homowo, bikin da mutanen Ga suke yi wa yunwa sowa don tunawa da wani fari da kakanninsu suka tsallake. Dalilin fitar da zane titi kuwa ba ɓoyayye ba ne: masu fasaha sun yi yawa a Akra, ɗakunan nuna aiki kaɗan ne, kuma talaka ba ya shiga cikinsu.

Daren nan na janyo burusana daga ƙarƙashin gado. Gashinsu ya ƙafe, na jiƙa su a kananzir har safe.

Shekara uku da suka biyo baya ɗan taya aiki na zama. Ina riƙe tsani, ina dama fenti, ina shafa farin ƙasa a bango kafin mai zane ya hau. Ba a biya na, wani lokaci a saya mini abinci, ni kuwa ido nake ci da shi. Kowace shekara bikin yana da take. Na 2014 a kan mutuwa ne da sake haihuwa. Na 2015, "African Electronics", ya zo daidai lokacin da ɗauke wuta, dumsor, ya gallabi ƙasar, kuma wata biyu da 'yan kwanaki bayan ambaliya da gobarar gidan mai ta ranar 3 ga Yuni a shataletalen Kwame Nkrumah, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Mu mutanen Nima mun san ruwan daren nan, babbar kwatarmu ta cika ta tumbatsa. A shekarar na lura zane-zanen sun yi nauyi, kamar kowa da abin da yake son amayarwa. A 2016, da taken "Spirit Robot", bikin ya koma mako guda, ana tattaunawa da nuna fina-finai a ranakun farko, a rufe da titi ranar Asabar da Lahadi.

A nan na ga aikin Serge Attukwei Clottey, wanda yake yanka jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke kira galan ɗin Kufuor tun zamanin ƙarancin ruwa na mulkin tsohon shugaban ƙasa John Kufuor, ya ɗinke su da waya su zama kamar wani ƙaton bargo. A shekarun nan ne kuma Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, yake lulluɓe wurare da tsofaffin buhunan gawayi da na kokon da ake yin cakulan da shi, har a kasuwar Malam Atta da ke maƙwabtaka da mu, kafin aikinsa ya kai baje kolin fasaha na Venice da ke Italiya a 2015. Abin da ya fi ƙarfafa mini guiwa shi ne 'yan unguwarmu: samarin Nima Muhinmanchi Art, da Moh Awudu, wanda zanensa na bango ya sa aka san Nima da wani abu ban da abin da jaridu suka saba faɗa a kanmu. Sunan ƙungiyar ma Hausa ce, muhimmanci.

Ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da nake kau da kai in na gani. Akwai masu wasan da suke tuɓewa fiye da kima, akwai giya, akwai zuba wa kakanni abin sha a ƙasa, wanda al'adar masu unguwar ce ba tawa ba. In lokacin salla ya yi nakan wanke hannu da kananzir da sabulu, in nemi masallaci a cikin lungu, in dawo. Ban taɓa jin wani ya hana ni ba, ni ma ban hana kowa nasa ba. Wasu abokaina a Nima sun ce mini wurin ba na ɗan malam ba ne. Na fahimce su, don ni ma na yi wa kaina wannan tambaya ba sau ɗaya ba.

Sai 2017. Da aka sanar da taken shekarar, na karanta shi a waya, na sake karantawa: "Wata Mata". Da Turancin buroka suna nufin maganar ruwa. Amma kunnen Bahaushe abin da zai ji daban ne. Ni wata mata na ji, kuma nan take na san wace ce. Mma ce, da asuba, kafin ta hura wutar koko, tana dawowa da galan a ka daga inda aka samu famfo mai zuwa, zanenta ya jiƙe ta gefe ɗaya, ta yi sahu uku ko huɗu kafin gari ya waye. Maganar ruwa a unguwarmu ai maganar mata ce. Ma'ana biyun suka haɗu a kaina suka hana ni barci.

Ba ni da suna a jerin waɗanda aka gayyata, ban ma san yadda ake rubuta takardar neman shiga ba. Abokina ne ya kai ni wurin wata gwaggonsa, tsohuwa mai bandar kifi, wadda bangon gidanta yake kallon wani lungu da ya ɓalle daga babban titi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan zango, me za ka sa mini a bango?" Na ce, "Anti, uwata zan zana, tana ɗauke da ruwa." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce in dai mai ɗaukar ruwa ce, to ita ma ita ce, in zana.

Saura Baba. Zan iya yi ba tare da ya sani ba, kamar yadda na saba, amma abin da nake son sa wa a jikin zanen nasa ne. Bayan sallar isha'i na same shi a baranda, na durƙusa, na ce, "Baba, ina neman izini. Ina so in yi zayyana a bango." Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ayar Allah ba ta hawa bangon titi, inda kare zai bi, mashayi ya jingina." Na ce ba zan sa ko harafi ɗaya ba, adon kawai. Ya ce, "Ado kuwa ado ne." Na gaya masa akwai siffar mace a ciki. Ya sake yin shiru, har na fidda rai. Sannan ya ce, "Ido da baki ka bar wa Mai halitta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya shiga ɗaki. Ni a wurina wannan ya fi dogon jawabi.

Kwana biyar na yi a bangon nan. Na kankare tsohon fenti da gishirin teku ya cinye, na toshe ramuka da siminti, na shafa fari sau biyu. Kuɗin fentin matata ce ta ba ni daga cinikin waakye, shinkafa da waken nan da Ghana duka take ci da sunan da ta ara daga bakinmu. Na fitar da matar da gawayi tukuna, tsawonta ya kusa kai biyun nawa, ta ba da baya kaɗan, fuskarta ta juya gefe inda mayafi ya rufe ta. Galan ɗin na ba shi rawayarsa ta gaske, har da murfin leda da ake ɗaurewa da roba in na asali ya ɓata. Zanen da ta ɗaura kuwa, daga ƙugu har idon sawu, na cika shi da zayyanar Baba: da'ira cikin da'ira, gidaje masu kusurwa huɗu, baƙi da ja da rawaya da kore, ba wani launi bayan waɗannan. Komfas ba zai yi a bango ba, sai na kafa ƙusa na ɗaura igiya da alli a bakinta. A tsakiya na sa babban dagi. Ruwan da yake zuba daga galan ɗin ma ban yi shi shuɗi ba, na yi shi da siraran layukan nan da ake kewaye allo da su. Sai a rana ta uku na lura ina ɗauke numfashi in zan ja layi, ba na saki sai na kai ƙarshe.

Tsohuwar takan zauna a kujera 'yar tsugune tana juya kifi tana kallo na. Ita ta ce wuyan matar ya miƙe da yawa, wanda ya ɗauki galan cike ba ya tsayawa haka, kafaɗa ɗaya takan sauka. Na gyara. Yaran lungun suka riƙa miƙo mini gwangwani, ɗaya daga cikinsu na bar shi ya cika gida biyu da ja.

Ranar Asabar titi ya cika ba masaka tsinke. Lungunmu ba ya kan hanya, amma mutane suka riƙa leƙowa. Wasu su ɗauki hoto su wuce. Wata mata mai tallar ruwan leda ta tsaya ta daɗe, ba ta ce komai ba, ta ajiye mini leda ɗaya a gindin tsani ta ƙi karɓar kuɗi. Wasu samari uku 'yan zango suka zo wucewa, ɗaya ya ja birki ya ce da ƙarfi, "Kai, wannan ai allon sauka ne!" Suka tsaya suna gardamar wane malami ya yi wa kowannensu nasa. Na juya baya na yi kamar ina wanke burushi, don idona ya cika.

Baba bai zo ba, ban kuma sa ran zai zo ba. Ranar Litinin bayan an watse, muna dawowa daga sallar asuba, sai ya ce, "Kai ni in gani." Muka hau trotro na farko. Ya sa farar rigarsa da hula, yana riƙe da sandarsa. High Street duk shara, masu shara suna tattara robobi da ledoji, masunta suna gangarawa bakin ruwa. Da muka shiga lungun, tsohuwar ta fito, ta gan shi, ta russuna ta gaishe shi, ta sa aka kawo masa benci. Bai zauna ba. Ya tsaya nesa ya kalla, ya matso ya kalla. Ya bi da'irar farko da yatsa ba tare da ya taɓa bangon ba. Ni zuciyata sai bugawa take yi kamar ranar da na yi masa tilawar farko.

Ya tsaya a kan dagin. Ya ce, "Zo nan." Na matsa. Ya nuna wani wuri da kan sandarsa. "Dagi, in zare ya hau, sai ya nutse. Ya hau, ya nutse. Nan ka sa ya hau sau biyu." Na duba, wallahi haka ne. Dubban mutane sun wuce ta gaban bangon nan kwana biyu, ba wanda ya gani, ni da na zana ma ban gani ba. Na ce zan gyara. Ya ce, "Akwai sauran baƙi?" Akwai, a ɗakin tsohuwar na bar kayana. Na ɗauko, na dama, na miƙa hannu zan hau. Sai ya ba ni sandarsa ya karɓi burushin. Mutumin da bai taɓa riƙe burushin fenti ba, yana da shekara saba'in da ɗoriya. Ya naɗe hannun rigarsa, na tallabe shi ya taka benci, ya jujjuya burushin a yatsunsa har ya riƙe shi yadda ake riƙe alƙalami. Ya yi bisimilla, ya ɗauke numfashi, ya ja layi biyu gajeru. Zaren ya nutse.

Da ya sauko ya dubi matar tun daga galan har ƙafa, ya ce, "Uwarka ce." Na ce ita ce. Ya ce, "Ta sha wahala da mu." A mota, muna hanyar komawa, da ɗigon baƙin fenti a bakin hannun rigarsa, ya ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka." Shekara goma sha takwas ina jiran wannan kalma.

Bikin ya ci gaba da girma. A 2018 babbar salla ta faɗo cikin makonsa, muka yi layya ranar Talata, ranar Asabar na kai wa tsohuwar soyayyen nama. A 2019, shekarar da Ghana ta kira baƙaƙen fatar duniya su dawo gida don cika shekara 400 da kai bayin farko Virginia da ke Amurka, baƙi sun yi yawan da ban taɓa gani ba. Na samu aikin bango a wurare da dama dalilin hoton da wani ya ɗauka a lungun nan, har na daina fentin gidaje. Matata ma takan kafa tukunyarta a bakin titi, cinikin kwana biyu ya rage mana nauyin haya. Don haka ba ni da bakin raina taron. Amma raina yakan sosu in na ga rumfunan saye da sayarwa da manyan lasifikoki sun rufe zane, in ga mutum ya ba bango baya ya ɗauki hoton kansa ya tafi, bai ko juya ya dubi abin da wani ya kwana biyar yana yi ba. A cikin wannan cunkoso mai kifi ba ta da wurin sauke farantinta, balle ta karɓi alli. Kuma in an watse, lungunan suna nan yadda suke, da kwatocinsu da layin galan a bakin famfo.

Korona ta zo a 2020 ta hana irin taron da aka saba. A shekarar aka rushe rumfunan bakin ruwa don gina sabuwar tashar masunta, wadda aka buɗe a 2024. A 2023 bikin ya tashi daga Jamestown ya koma wajen Osu da dandalin Black Star. Na je, fili ya fi yalwa, an fi samun iska, kuma na ga ayyuka masu kyau. Ni dai ƙafata ta saba da tsohon titin, kuma duk shekara in na gama zagayawa sai na gangara can.

Baba ya rasu a 2021, 'yan watanni bayan buɗe babban masallacin ƙasa da ke Kanda, inda ya samu ya yi Juma'a sau biyu. Da aka zo rabon 'yan kayansa, littattafai suka tafi wurin yayana, wanda ya gaji makarantar. Mma ta kira ni ɗaki ta ba ni wani ƙullin tsumma, ta ce shi ya ce a ba ni. Komfas ɗin ne. Yanzu in yaro zai yi sauka a makarantar, yayana yakan rubuta ayoyin, a kawo mini allon in yi adon. Ɗiyata ta fari ce take dama mini tawada.

Tsohuwar ma ta rasu. Waɗanda suka gaji gidan sun ba da hayar bangon, aka shafe shi da shuɗi aka rubuta talla a kai. Ban yi musu magana ba, bangonsu ne. Watan Agustan da ya wuce na kai ɗiyata lungun. Iskar teku ba ta barin fenti ya daɗe, shuɗin ya fara ɓarewa ɓawo-ɓawo. Daidai tsakiya, inda hannuna yake kai wa in na yi ɗage, wani yanki ya faɗi, ja da baƙi sun leƙo. Na ɗaga ta a kafaɗa, na ce ta sa farce ta ɓare kaɗan ta hagu. Ta ɓare. Na ce ta ƙara. Sai ga layi biyu gajeru, sun fi sauran kauri, hannun da ya ja su ya ɗan yi rawa a ƙarshe. Ta ce, "Baba, wannan ba irin naka ba ne." Na ce mata na Malam ne, ta riƙe kaina da kyau kada ta faɗi.